An Wanke Gwaggo da Ruwan Sanyi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau kwana arba'in da aka fitar da Gwaggo daga gidanmu na Soron Ɗinki, amma har yanzu ba zancen rasuwarta ake yi a unguwa ba, zancen ruwan da aka wanke ta da shi ake yi.

Ana tsakiyar sanyi ta rasu, da hantsi. Kafin azahar tsakar gida ta yi maƙil da mata, ina ɗaki ina jin su. Wata maƙwabciyarmu, wadda ko sau ɗaya ba ta leƙo Gwaggo tana jinya ba, ita ta fi kowa kuka. Ta fyace hanci ta ce, "Wai da gaske ruwan rijiya aka kwara mata haka, ko sirkawa ba a yi ba? A wannan ɗarin?"

Wata ta ce, "A gidan da ke da Onarabul guda! Ai ko baƙo ne ya mutu a gidan nan a ɗumama masa."

Ta ukun ta rage murya, irin ragewar da ake yi don a ji. "'Yar bokon nan ce ta hana. An ɗora ruwan ta sauke."

Ba ƙarya suka yi mini ba. Matar Yaya ce ta ɗora garwa a murhu, ni kuma na je na sauke, na zare itacen na turbuɗa shi a ƙasa. Inna ta riƙe baki tana kallona. Aka aika zaure aka tambayi liman, ya ce in dai ruwa mai tsarki ne, sanyinsa ba ya ɓata wanka. Sai aka ƙyale ni, amma ba a yafe mini ba. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ina so masu yi mata addu'a su san wadda suke yi wa, kuma ina so a san nawa laifin, don ya fi wanda ake faɗa girma.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce. A gidan nan aka haife ta, cikin badala, amma ta auri wani falke mai fataucin hatsi ta bi shi garinsu, wani ƙauye can arewa dab da iyaka. Ta fi shekara talatin a can. 'Ya'yan da ta haifa ba wanda ya tsaya, sai ta ɗauki 'yar ƙanin mijinta ta riƙe tun daga yaye har ta aurar da ita. Mu a gida 'Yar Gwaggo muke ce mata, yawancinmu ko sunanta ba mu riƙe ba. Da mijin ya rasu, Baba ya je ya taho da yayarsa. Ta dawo da akwati ɗaya, da tabarma, da tari, da idanu masu zubar ruwa kullum. In baƙuwa ta ce mata ta yi haƙuri, sai ta ce, "Ba kuka nake ba. Hayaƙin shekara talatin ne yake neman hanyar fita."

Mun sha dariyarta, Allah ya yafe mana. Dogarin murhu muke ce mata. Kina sauke tukunya za ki gan ta a kanki, ta zare bakin wuta ta kashe, ta yayyafa wa garwashi ruwa ta kwashe gawayin a tsohon kwano. Wake sai ya kwana a jiƙe kafin ya ga wuta. Tukunya ba murfi kuwa, ranar sai kin gwammace ba ki yi girki ba. Da safe takan bi ɗakuna tana kashe ƙwan lantarki tana cewa, "Allah ya kunna tasa fitilar, ku kashe taku." Mu kuwa muna ganin ƙauyanci ne ya bi jikinta, 'yar birni guda ta je ta lalace.

Akwai direban wata tsohuwar a-kori-kura da ke kawo itace unguwarmu daga yankinsu. In ya sauke, Gwaggo takan fito ƙofar gida ta ɗauki guntu ta shinshina. "Wannan marke ne. Wannan ƙirya ce, ta bayan garinmu, na san jar ƙasar da ke jikinta." Ta ce ranar da aka kai ta amarya, ba ka ganin garin sai ka shiga cikinsa, don itatuwa. Ranar da ta baro shi kuwa, tun motar Baba tana nesa kamar ƙuda suke hango ta. "Ku kuka cinye mana daji," in ji ta. "Da tuwo kuka haɗa kuka cinye. Yanzu matan can da kara suke girki, in kara ya ƙare su koma kashin shanu."

Daga nan ta ƙirƙiro abin da ta kira zakkar itace. Duk itacen da aka sayo a gidan nan, sai ta zare ɗaya cikin goma ta tura ƙarƙashin gadonta. Ba ta tambayar kowa, ba ta kuma ɓoyewa. In ya kai dami, sai ta ɗaure ta ba direban ya koma da shi ƙauyen.

Ran farko sai da ya zauna a kan taya don dariya. "Hajiya, yau na ga ikon Allah. Ni ina kawowa, ke kina mayarwa?"

"Ni ba Hajiya ba ce, ban je ba. Ɗauki ka kai gidan da aka yi haihuwa. Ga fura nan ka jiƙa maƙoshi."

Don mai jego take tarawa. Kowa ya san wankan jego: kwana arba'in, safe da yamma, ruwa a tafashe, ga kunun kanwa, ga ruwan wanke jariri da tsummansa. Ba abin da ke cin itace kamarsa. Gwaggo ita ke yi wa matan gidanmu da na maƙwabta, hannunta bai san zafi ba. Takan ce a birni mai jego tunanin suna take yi, a can kuwa tunanin abin da za a tura a murhu.

Sai shekarar da sojoji suka koma bariki ta zo. Yaya, babban wanmu, ya bar shagonsa ya bi wani ɗan takara. Shi bai tsaya neman komai ba, amma tun da maigidansa ya ci, kowa Onarabul yake ce masa, shi ma yana amsawa. Ana saura 'yan makonni zaɓe ya zo ɗakin Gwaggo ya durƙusa, abin da bai saba ba. Ya ce za a kai wa garinsu lantarki. Za a sa injin niƙa, a ja ruwa da famfo, a sa haske a ɗakin shan magani. Amma mutanen can sun gaji da alkawari, sai sun ji daga bakin wanda suka sani.

Gwaggo ta ɗaura zanenta na sallah ta shiga motarsa. Ta tsaya gaban matan da ta yi shekara talatin tana daka tare da su ta ce, "Wannan ɗan ƙanena ne. A bayana ya yi barci. In ya yi muku ƙarya, ni na yi." A ranar aka sauke falwaya goma sha wani abu a bakin gari, dogayen itatuwan nan baƙaƙe da aka jiƙa da kwalta, waɗanda ake ɗaura wa waya. Ta dawo tana ba mu labari har da guɗa. Ban taɓa ganinta da farin ciki irin na wannan makon ba.

Aka yi zaɓe, aka yi rantsuwa, damina ta zo ta wuce. Falwayoyin suna kwance inda aka jefar da su, awaki na hawa. In Gwaggo ta tambayi Yaya sai ya ce, "Ana kan magana, Gwaggo. Gwamnati ba ta gaggawa."

Da bazarar da ta biyo baya na zo gida wankan haihuwata ta fari. Lokacin kananzir ya ɓace, mai risho ma ya koma murhu, itace ya yi tsada. Mijina yana son a yaba masa, sai ya aiko da mota guda cur, aka jibge har ya kusa kai katanga. Mata suna shigowa barka suna kallon itacen kafin su kalli jaririya. Ni kuwa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Kwana tara da haihuwata direban ya kawo saƙo cewa 'Yar Gwaggo ma ta sauka, mace ta samu. Bazara ce, karan bara ya ƙare tuni.

Washegari da safe na fito na tarar da Gwaggo tana jan itace zuwa zaure. Ba ɗaya cikin goma ba. Ta raba tulin gida biyu, tana kwashe rabi.

Inna ta ce, "Gwaggo, itacen mutane ne fa. Me za mu ce wa surukai?"

"Amarya," haka take kiran Inna har ta mutu, "matan da na yi wa wanka ba za su ƙirgu ba. In dai ni ke hura wutar nan, rabin nan ya kai ta arba'in har ya yi saura. Waccan ba ta da ko na kwana biyar."

Da na yi shiru, da Inna ta haƙura, na san halinta. Amma ban yi shiru ba. Na ce, "Ba da dukiyar mijina za a yi zakka ba. 'Yarki ai tana da miji, ya nemo mata." Gwaggo ta ɗago ta dube ni. Maimakon in ji kunya, sai na ƙara. "Mu muka ce su zauna a ƙauye?"

Ta sunkuya ta fara mayarwa, ɗaya bayan ɗaya. Inna ta matso za ta taya ta, ta ɗaga mata hannu. Sai da ta mayar da kowane guntu inda ta ɗauko shi, sannan ta ɗora ruwana. Ta yi mini wanka a ranar kamar yadda ta saba, ba ta rage zafi ba, ba ta ƙara ba. Ɗan damin da ke ƙarƙashin gadonta shi kaɗai ta ba direba.

Abin da ya biyo baya daga bakin direban muka ji, bayan kusan mako uku. Da la'asar ya zo. Bai sauke itace ba, ya tsuguna a zaure ya cire hula, ya ce a kira masa Gwaggo. Ina bayan ƙyaure ina ji.

Ya ce damin kwana huɗu ya yi. Mijin 'Yar Gwaggo ya wuni a daji ya dawo da abin da bai cika hannu ba. Ya zaga maƙwabta, kowa ta kansa yake. Ranar suna ta wuce, matarsa na rawar sanyi, ba ruwan zafi, ba kunu. Sai ya ɗauki gatari ya tafi bakin gari ya faskara falwaya ɗaya. Hayaƙin baƙi ne, yana warin kwalta, amma ruwa ya tafasa. Mai gari ya tsorata ya aika birni, labari ya iso wa Yaya, Yaya ya kai rahoto. Aka zo da mota aka tafi da mutumin, aka kwashe har guntayen da suka rage, wai shaida. Gida ya rage daga mai jego sai tsohuwar uwar mijinta da ba ta gani sosai. Da abin ya kai ba a ɗora tukunya ba kwana biyu, 'Yar Gwaggo ta bar jaririya ta bi mata neman itace. Tafiya ce mai nisa, ga rana. A hanyar dawowa jini ya ɓalle mata, da damin a kanta. Aka ɗora ta a amalanke zuwa ɗakin shan magani, mai kula da wurin ya ce ko ruwan da zai tafasa kayan aiki ba shi da shi, su wuce babban gari. Ba su kai ba.

Gwaggo ta yi salati sau ɗaya. Ta tambayi jaririyar, ya ce tana da rai. Sai ta juyo ciki, ta wuce ni, ta je murhu ta sauke ruwana.

Na ce, "Gwaggo, a bar wankan yau."

Ta ce, "Ruwan ya riga ya tafasa. Ba za a yi asarar itacen ba. Tuɓe."

Na yi wanka da yawa a rayuwata, amma wannan har gobe ina jin sa a fatata.

Washegari ta shiga zaure, Yaya na zaune da mutanensa ana shan shayi. Mace ba ta shiga wurin, amma ta shiga, ba wanda ya iya hana ta.

"Ranka ya daɗe," ta ce masa. Nan take ya miƙe, don ya san ba girmamawa ba ce. "Fuskata ka ara ka kai wa mutane. Na zo ka maido mini."

"Gwaggo, wallahi ban san surukinki ba ne. Kuma kayan gwamnati ne. In aka bar wannan, gobe duk sai su ƙone su. Ni rahoto kawai na kai."

"Wanda ya sare falwaya ɗaya da ba ta haska kowa ba, yana kulle. Wanda ya sare dajin gari guda ya kawo muku, sannu da zuwa kuke masa. Ni ban yi boko ba, ka fahimtar da ni."

Ba wanda ya fahimtar da ita. Ɗaya daga cikin mutanen ya ce sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Ta ce ta sani, ba Allah ta zo yi wa tambaya ba, ɗan ƙanenta ta zo yi wa. In faɗi gaskiya, Yaya ya sa an saki mutumin bayan kwana uku. Ya koma ya tarar an riga an yi sadakar bakwai.

Ni kuwa na cika arba'in lafiya lau, na yi ƙiba, fata ta yi sheƙi. Itacen da na hana ya yi saura, saura mai yawa. Yana nan jibge har lokacin da Yaya ya tare a sabon gidansa na bayan badala, aka kwashe aka dafa shinkafar walima da shi.

Tun daga ranar da direban ya cire hula, ruwan zafi bai sake taɓa jikin Gwaggo ba. Shekara takwas. Da sanyin asuba za ka ji ta a bayan gida tana kwara na rijiya, haƙoranta na haɗuwa, ta fito tana tari. Ba ta sake shiga motar Yaya ba. Ba ta sake taka ƙauyen ba kuma. In an ce ta je ta ga jikarta sai ta ce, "Da wane idon zan dubi matan garin?" Amma zakkar itace ba ta fasa ba ko sau ɗaya, sai dai yanzu ba mai dariya.

Yaya ya taɓa ce mini ai ma'aikatan asibiti sun ce wankan jegon nan ba dole ba ne, zafin ma illa yake yi, jahilci ne ya kashe yarinyar. Wataƙila gaskiya ne game da wankan, ni ma na ji ana faɗa. Amma ba wanka ta fita nema ba ranar. Abin dafa tuwo ta fita nema. Ban ji ma'aikacin asibitin da ya ce a ci gero ɗanye ba.

Da na fara koyarwa na sayo mata hita da albashina na fari, na durƙusa na ajiye a gabanta, na ce ta yafe mini. Ta juya ta a hannu ta miƙo mini.

"'Yar nan, ke na yafe miki tun ranar. Jego ne ya yi magana a bakinki. Kaina ne ban yafe wa ba. Na san itacen ya isa, da idona na auna. Yarinya ta yi mini tsawa, sai na ji kunya na mayar. Da na toshe kunne na ɗora a mota, da iyakarta a ce mini ɓarauniya." Ta goge idon nan nata mai ruwa. "In na mutu ke za ki yi mini wanka. Kada a ƙona ko tsinke saboda ni. Kin hana ni sau ɗaya, wannan karon ki hana su."

To, ga amsarku, matan unguwa. Ba rowa ba ce, ba boko ba ne. Shi ne abu ɗaya da ta taɓa roƙona bayan wancan.

Ranar sadakar uku Yaya ya yi abin da ya iya. Rumfuna har bakin titi, kujeru, janareta na ruri, manyan mutane na saukowa daga manyan motoci suna cewa an yi rashin uwa. Aka kawo masu girki na haya, tukwane shida a jere a tsakar gida. Da hantsi aka ce wani baƙo na sallama da ni. Na sa hijabi na fita zaure, na ga mutum tsugune a gefe, nesa da kujeru, gemu duk furfura. Sai da ya faɗi garinsu na gane mijin 'Yar Gwaggo ne. A gabansa akwai ɗan dami, sabara da geza, sirara kamar yatsun hannu, an ɗaure da tsumma.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malama, ba mu da abin kawowa. Shekara da shekaru tana aiko mana. Muka ce ko sau ɗaya dai a ga namu."

Sai na tambaye shi lantarki. Ya ce har yanzu. Falwayoyin dā sun ruɓe a kwance, amma wancan zaɓen an sake kawo wasu. "Na siminti ne wannan karon," in ji shi. "Su ba sa faskaruwa."

Na tambayi yarinyar.

"Tana nan, ta girma. Ita ce ma ta tsinto wannan. Jiya da shekaranjiya ta wuni tana tarawa."

Kwana tara ne tsakaninta da 'yata. Tawa tana aji uku, in aka ɗauke wuta tana aikin makaranta har kuka take yi.

Na karɓi damin da hannu biyu. Na yi niyyar in kai shi ɗakin Gwaggo in tura ƙarƙashin gadonta. Sai na tuna mutumin ya sha hanya, na jingine damin a bakin ƙofa na shiga ɗebo masa ruwa. Ko minti biyu ban yi ba. Da na fito babu damin. Na hango ɗaya daga cikin masu girkin ta kwance tsumman ta tura shi gaba ɗaya ƙarƙashin tukunyar shinkafa. Na yar da kofin na ruga, kafin in ƙetare tsakar gida ya kama, ya yi balbal, ya zama toka.

Matar ta dube ni ta ce, "Hajiya, wa ya kawo wannan? Ai ba itace ba ne, tsinke ne. A ƙaro mana na kirki."

Na koma zaure da wani ruwan. Ya sha, ya yi hamdala, ya ce yana fata dai ya yi amfani. Na ce ya yi.

Shinkafar ta yi daɗi, kowa ya faɗa. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da 'yarta inda ba a neman itace. Mu kuma da muka ci, Allah ya yafe mana, in masu itacen sun yafe.